Gaba Nawa Ƙugiyarka Ta Nutse?

Daga nan Minna muke muku sallama, kuma zancen namu na yau na mutanen ruwa ne: masuntan Shiroro da Zungeru, na Malale da New Bussa a bakin Kainji, har da masu ɗan taɓa su a madatsar Tagwai da ke nan kusa da mu. Wanda bai taɓa riƙe filafili ba shi ma kada ya kashe rediyonsa, domin tsadar da yake kuka da ita in ya je sayen kifi a Kasuwar Kure daga bakin ruwa ta taso. Duk bakin ruwan da ka je a yau magana ɗaya za ka ji: ruwa ya mutu, manyan kifaye sun ƙare, sai 'yan ƙanana da ko kuɗin man inji ba sa mayarwa. Akwai gaskiya a wannan kuka. Kifi ya ragu, kuma a wasu sassan Shiroro matsalar tsaro ma ta hana mutane shiga inda suka saba. Sai dai abin da nake so in kafa hujja a kansa yau shi ne, wani kaso na babban kifin da ake cewa ya ƙare yana nan cikin ruwan, a wani zurfi da ƙugiyarmu ko dai ba ta kai ba, ko kuma ta zarce shi ta yi ƙasa. Masuncin da za a tambaya zurfin ƙugiyarsa ya amsa da lamba ya fi kusa da kifin nan a kan mai tarin kaya da amsarsa ita ce “ta dai yi ƙasa”.

Mu fara da abin da ya sauya. Kakannin masu su a wannan yanki, Sarkawa da Nufawa da Gungawa da sauransu, a kogi suka ƙware, kuma sanin da suka bar wa 'ya'yansu sanin kogi ne. Shi kogi kullum tafe yake. Gudunsa yana cakuɗa ruwan sama da na ƙasa, yana kuma ɗaukar koto ya kai wa kifi har inda yake kwance. Ka jefa, ka jira, ruwa ya yi maka rabin aikin. To, a 1968 aka tare Kogin Kwara a Kainji, tsohon garin Bussa ya nutse, aka tashi mutane fiye da dubu 40, wani tafki ya kwanta mai tsawon kilomita 136, wanda zurfinsa a kusa da madatsar ya kai wajen mita 60. Jebba ta biyo baya a 1985, Shiroro a kan Kogin Kaduna a 1990, ga kuma Zungeru da aka fara ginawa a 2013, wadda yanzu ta tara nata ruwan. Cikin abin da bai kai shekara 60 ba, jihar Neja ta tashi daga ƙasar koguna ta koma ƙasar manyan tafkuna. Kayan su kuwa, in ka ɗebe zaren roba da injin jirgi, kusan su ne na jiya: birgi, taru, mamari, gura, fatsa. Kayan suna nan yadda aka gada, ruwan da ake jefa su a ciki ne ya canja hali.

Babban abin da ya raba tafki mai zurfi da kogi shi ne tafki yana yin hawa-hawa. Duk wanda ya taɓa tsoma hannu a duron ruwan da ya wuni a rana ya san abin: sama da ɗumi, ƙasa da sanyi, kuma ba sa haɗuwa sai an motsa su. Dalili kuwa, ruwan ɗumi bai kai na sanyi nauyi ba, sai ya zauna a bisa. Haka manyan tafkunanmu suke yi idan hunturu ya wuce rana ta fara gasa ruwa. A Kainji, masu binciken da suka auna tafkin tun shekarunsa na farko sun ga cewa daga wajen Fabrairu zuwa Mayu ruwan yakan rabu, na sama daban, na ƙasa daban. Iskar oksijin da kifi ke rayuwa da ita daga sama take shiga ruwa, ta hanyar kaɗawar iska da kuma ƙananan tsirran ruwa masu buƙatar hasken rana. Da zarar ruwa ya rabu, na ƙasa ya daina samun sabuwar iska, alhali ganye da ciyawa da itatuwan da ruwan ya binne suna can suna ruɓewa, suna cinye 'yar wadda ta rage. Kafin damina ta kankama, can ƙasan ya zama wurin da kifi ba ya iya zama. Masunta sun san alamar tun kafin a gaya musu dalilinta: tarun da aka kafa ƙasa sosai a watan Afrilu yakan fito wayam, ko ya fito da kifin da ya mutu tun cikin dare har ya fara lalacewa, wani lokacin igiyar ma tana warin ruɓaɓɓen ƙwai.

Ba kowane kifi ne wannan ya dama ba. Tarwaɗa tana da wata gaɓa a kanta da take shaƙar iskar sarari da ita, shi ya sa take rayuwa a kududdufin da wani kifin ba zai kwana ba. Karfasa 'yar gefe ce, a ruwa marar zurfi take kiwonta. Amma giwan ruwa, wanda shi ne kifin kuɗi, ba ya jure ƙarancin iska. A Tafkin Biktoriya na gabashin Afirka an sha ganin gawarwakinsa birjik a kan ruwa idan guguwa ta taso da mataccen ruwan ƙasa zuwa sama. Babbansa kuma ba ya son hasken tsakar rana, idonsa na farauta ne a duhu-duhu, da asuba da almuru. Ke nan da rana tsaka a lokacin zafi an matse shi ta fuska biyu, sama haske, ƙasa ba iska. Sai ya tsaya a tsakani, yawanci a gefen tsohuwar hanyar kogi, ko jikin duwatsu da kututturan da ruwa ya rufe, inda ƙananan kifaye ke giftawa. Wannan tsakanin ba shi da faɗi, kuma ba ya zama wuri ɗaya. Yana hawa yana sauka da yanayi. Ƙari a kan haka, madatsun nan na wutar lantarki ne, ana sakin ruwansu duk rani. A Kainji bambancin cika da janyewa yakan kai wajen mita 10. Dutsen da yake gaba 8 a ƙarƙashin ruwa lokacin da tafki ya cika, idan ruwa ya gama ja yana iya komawa gaba 3. Saboda haka mamarin da aka shimfiɗa a ƙasa zai iya kwana a ƙarƙashin kifin, fatsar da ke rataye a jikin gora ta wuni a samansa, duka biyun su dawo ba komai, mai su ya ce ruwa ya mutu.

Dabarar da ta dace da irin wannan ruwa ita ce jan ƙugiya a bayan jirgi. Ka saki zare mai nauyi da koto a ƙarshensa, ka yi ta tuƙi a hankali, koton yana iyo a bayanka. Tunda ruwan ya daina tafiya, kai ne za ka tafiyar da koton, ka bi da shi ta ƙofar kifaye da yawa maimakon ka zauna jiran guda. Inda aka fi ƙwarewa a wannan dabara shi ne manyan tafkunan da ke tsakanin Amurka da Kanada. A can suna da wani zare mai dalma a cikinsa, an saƙa masa riga, launin rigar yana canjawa duk bayan yadi 10. A tafiyar kilomita 3 a awa, kowane launi da aka saki yana nutsar da koto wajen mita ɗaya da rabi, don haka mai neman mita 9 sai ya saki launi 6. Wasu kuma dunƙulen dalma mai kilo 4 ko 5 suke ratayawa a jikin waya, su sauke shi da na'ura mai ƙidaya, su maƙala zaren fatsar a jikinsa, in kifi ya kama sai zaren ya suɓuce. A Tafkin Nasir na Masar, wanda shi ma madatsa ce ta haife shi a kan Kogin Nilu, da jan ƙugiya a bayan jirgi ake kama giwan ruwa, irin namu sak. Idan ka duba waɗannan kaya masu tsada da kyau, abu ɗaya suke saya wa mai su: sanin zurfin da kifi ya kama, domin a iya komawa can a sake. Wannan sanin kuwa ana samunsa da ƙulli a jikin zare.

Abubuwa huɗu ne ke yanke zurfin da koto zai yi: nauyin da ka rataya, tsawon zaren da ka saki, kaurin zaren, da saurin jirgi. Nauyi yana jan koto ƙasa, ruwa yana tura zare baya da sama, inda suka yi kunnen doki nan koton zai tsaya. A cikin huɗun, sauri ne mugu, domin turin ruwa ba ya ƙaruwa daidai da sauri. In ka ninka saurinka, turin ninkuwa huɗu yake yi. Shi ya sa mutum biyu za su fita da kaya iri ɗaya, su saki zare tsawo ɗaya, ɗaya ya kama ɗaya ya dawo yana zargin sa'a, alhali bambancinsu a bugun filafili yake. Zare mai kauri kuma ruwa ya fi samun inda zai tura, sai ya taso da koton. Sakin zare ma yana da iyaka: gaba 10 na farko suna nutsar da koto sosai, na biyu ba su kai haka ba, daga wani wuri kuma ƙarin zare ja da baya kawai yake ƙarawa. Akwai ɗan lissafin da za ka yi kana zaune a jirgi. Riƙe zaren kamu ɗaya a saman ruwa, ka dubi inda ya shiga ruwan. In ya shiga kamu ɗaya a bayan hannunka, cikin kowane gaba 10 da ka saki wajen 7 zurfi ne. In ya shiga a kamu biyu, zurfin bai kai rabin abin da ka saki ba. In sai a kamu huɗu ya shiga, kwata kawai ka samu. Kintace ne, domin zare ba ya miƙewa sambal a cikin ruwa, lanƙwasa yake yi, kuma in nauyin a ƙarshen zare yake yakan ɗan fi wannan lissafi nutsewa. Amma kintacen da ke da lamba ana iya gyara shi gobe.

Ga yadda haɗin yake. A sami zare mai ƙarfi, a naɗe shi a jikin ɗan katako ko jarka. A auna shi da hannu, duk gaba guda a ɗaura ɗan zaren ɗinki, duk gaba 5 a ɗaura jan ƙyalle, a gaba 10 a sa ƙyalle biyu, domin da asuba yatsa ne zai karanta kafin ido. A ƙarshen zaren a ɗaura ɗan ƙarfen nan mai juyawa, wanda ke hana zare murɗewa. Daga jikinsa reshe biyu za su fita. Na farko gajere, kamar kamu biyu, na zare marar ƙarfi, shi ne zai ɗauki nauyin. Na biyu dogo, gaba ɗaya zuwa biyu, shi ne mai ƙugiya da koto. Koton yana iya zama ɗan kifi da aka soke ta baki aka ɗaure bakin don kada ya riƙa wulwulawa, ko kan tsohon cokali da aka huda gaba da baya, wanda in ana jansa yake rawa yana walƙiya. Inda tsage yake, sai an sa ɗan taƙin waya kafin ƙugiyar, in ba haka ba haƙoransa za su datse zaren roba tun kafin ka ji ya taɓa.

Sai gwaji, wanda shi ne abin da yawancin mutane ke tsallakewa. Nemi wuri mai yashi a ƙasa, ka saki dutse da zaren nan mai alama ka san zurfinsa, a ce gaba 5. Ka koma baya ka biyo ta kansa da irin tuƙin da ka saba, kana sakin zare gaba-gaba har ka ji nauyin ya fara dukan ƙasa, tuk, tuk, a yatsanka. Dubi alamar da ke hannunka. In gaba 9 ce, to ka sani da wannan nauyi da wannan tuƙi gaba 9 na zare suna ba ka gaba 5 na zurfi. Ka maimaita a wani wurin mai gaba 8, ka riƙe lambobin a ka ko a bangon jirgi. In za ka canja wani abu, ka canja ɗaya kawai, ko nauyi ko tsawo, don ka san wanda ya yi aikin. Sanin inda iska ta yanke shi ma yana da hanyar talaka. Ɗaure dutse a gindin kwalbar lemo marar komai, ka toshe bakinta sako-sako da toshi mai nasa siririn zare. Sauke ta zuwa gaba 6, ka fizge toshin, ka jira kumfa ta gama tasowa, ka jawo. Zuba ruwan a tafin hannu, ka ji sanyinsa, ka shinshina. Ka sake a gaba 8, a gaba 10. Inda ka ji ruwan ya yi sanyi farat ɗaya, ko ya fara wari, can ne iyakar. Kotonka ya bi ta gaba ɗaya ko biyu a saman wannan iyaka, domin mafaraucin kifi ya fi ganin abin da ya gifta ta samansa a kan wanda ya bi ta ƙarƙashinsa. Kuma kada ka tuƙa a miƙe. In kana jan zare biyu ka karya kwana, na cikin kwanar zai rage gudu ya nutse, na waje ya ƙara gudu ya taso. Wanda kifi ya kama a cikinsu ya gaya maka ko sama za ka ƙara ko ƙasa.

Na san wani yana can yana cewa, malam, wannan ai wasan Turawa ne da masu kuɗi, su da ke da jirgi mai inji da man ƙonawa. Gaskiya ne a can masu nishaɗi ne suka fi yinsa. Amma a duba saurin da muka ambata, kilomita 3 a awa. Tafiyar mutum ce a ƙafa, ba ya ko sauri. Kwalekwalen da mutum biyu ke ciki, ɗaya na tuƙi ɗaya na riƙe da zare, yana yin wannan ba tare da ɗigon fetur ba, kuma ba shi da ƙarar da za ta firgita kifi. Masuntan tsibiran Tekun Pasifik, waɗanda su ne abincinsu, da zaren hannu suke jan ƙugiya a bayan ƙananan jirage tun kafin inji ya je musu.

Ƙorafi na biyu ya fi wannan nauyi: kututture. Ba a sare dukan dazukan da tafkunan nan suka cinye ba, itatuwa suna nan tsaye a ƙarƙashin ruwa, su ne ma ke fasa jiragen fasinja idan ruwa ya ja. Mai jan ƙugiya a irin wannan wuri zai yi asarar kaya, wannan babu makawa. Amma a nan ne amfanin reshen nan marar ƙarfi yake: nauyi ne ke ƙasa, shi zai fara maƙalewa, zarensa ya tsinke, ka rasa guntun ƙarfe ka tsira da ƙugiya da koto da uwar zaren. Sannan wanda ya san zurfinsa shi ne zai iya bi ta saman itatuwan, in ya san kawunansu suna gaba 6 ya tsaya a 5. Kututturen da ake gudu kuwa a jikinsa giwan ruwa ke fakewa. Mai taru shi ne ba ya iya kusantar wurin sai ya yi asarar dubban naira; mai ƙugiya ɗaya yana iya raɓarsa.

Na uku shi ne zancen tukunya. Magidanci mai iyali zai ce taru yana kawo wani abu kullum, ko yaya, ita kuwa ƙugiya ɗaya tana iya wuni ba ta kama komai ba. Haka ne, kuma duk wanda ya ce a jingine taru a koma jan ƙugiya bai san rayuwar bakin ruwa ba. Dabarar ma tana da lokacinta. A Kainji, ruwan daminar nan kusa, wanda ke shigowa daga wajen Agusta, fari ne mai laka, kifi ba ya ganin cokali a cikinsa sai dai ya ji motsinsa ko ƙanshin koto. Ruwan da ke isowa daga Gini da Mali wajen Disamba ya riga ya zubar da lakarsa a hanya, shi ne mai haske. Shiroro ma sai rani take washewa. Ke nan sana'ar rani ce, ta cike giɓi a watannin da tarun ƙasa ke fitowa wayam. Amma a dubi inda hanyar taru kaɗai ta kai mu. A shekarun farko na Kainji kamu ya yi tashin gwauron zabi, mutane suka kwararo daga ko'ina, kafin shekarun 1970 su ƙare ya faɗi warwas. Kifi ya ragu, sai a rage idon taru. Ya ƙara raguwa, a ƙara ragewa, har aka kai ga jan gidan sauro a ruwa. Dokar tarayya ta 1992 ta hana su da guba da nakiya da wutar lantarki, a ƙarshen shekarun 1990 kuma, ƙarƙashin wani shirin haɗin gwiwar Najeriya da Jamus, aka hana jan dala, wato babban tarun da ake ja zuwa gaɓa, a Kainji saboda yadda take kwashe 'ya'yan kifi. Babbar ƙugiya da babban koto ba sa buƙatar jami'i ya tsaya a kansu, ɗan kifi ba ya iya haɗiye su. Zungeru yanzu take shekarunta na farko, kuma mutanenta suna da damar da mutanen Kainji ba su samu ba, ta ganin abin da ya faru da na gaba.

Akwai kuma zancen dalma, wanda a jihar nan ba abin wasa ba ne. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara, a 2015 kuma ta kashe 28 a ƙaramar hukumar Rafi, nan cikin Neja. Waɗancan daga niƙan dutsen zinariya ne, ba daga su ba, amma gubar ɗaya ce, kuma yara ƙanana ta fi yi wa illa, ta taɓa ƙwaƙwalwa taɓin da ba ya warkewa. Masuncin da ke fasa tsohon batirin mota ya narka dalmarsa a tsakar gida, wani lokacin a tukunyar da za ta koma murhu, ko yake matse dalmar taru da haƙori, ya shigo da ita gidansa da hannunsa. A Ingila tun 1987 aka hana ƙananan dalmar fatsa saboda manyan tsuntsayen ruwa suna haɗiye su suna mutuwa. Mu kuwa Tagwai ruwan shanmu ne. Abin da ya sa ake son dalma shi ne nauyinta ya ninka na ruwa sau 11, ƙarfe kusan sau 8, dutse bai kai sau 3 ba. Dutse mai kilo ɗaya in ya shiga ruwa abin da ya rage na nauyinsa kamar giram 600 ne, ga shi ƙato, ruwa na tura shi. Dalma mai kilo ɗaya tana riƙe da giram 900 da ɗoriya, ƙarfe kuma wajen 870. Kun ga tazarar dalma da ƙarfe ba ta taka kara ta karya ba. Guntun rodi mai tsawon taƙi ɗaya, siriri, an lanƙwasa kansa, yana yanka ruwa da kyau, bai cika maƙalewa a dutse ba, kuma kowane mai walda yana da shi a ƙasan teburinsa. A ganina, ga haɗin da aka shirya shi don nauyin ya riƙa tsinkewa yana zama a ruwa, ƙarfe ne kawai ya dace.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi na bar shi a ƙarshe. In kowa ya iya kai ƙugiya inda manyan giwan ruwa suke, ba za a ƙarar da iyayen ba? Tambaya ce ta gaskiya, domin mafi girman giwan ruwa mata ne, kuma babbar mace guda tana zuba miliyoyin ƙwai. Cewa a kama a saki ma ba ya warware matsalar gaba ɗaya. Duk mita 10 da ka nutsa, matsin ruwa yana ƙaruwa da kwatankwacin matsin iskar sarari, saboda haka jakar iskar da ke cikin kifin da aka fizgo daga mita 10 ninkuwa take yi kafin ya iso sama, har ka ga tumbinsa ya leƙo ta baki. Irin wannan ko an sake shi da wuya ya koma ƙasa. Ƙasashen da ke kewaye da Tafkin Biktoriya, Yuganda da Kenya da Tanzaniya, sun taɓa sa ƙa'idar a kama giwan ruwa mai tsawon santimita 50 zuwa 85 kawai, a bar ƙanana su girma, a bar manya su haihu. Mu ma abin da zai yi aiki shi ne ƙa'idar da ke aiki tun kafin kifi ya kama: matsakaicin koto, wanda ya fi kiran matsakaicin kifi, da wasu duwatsu da lunguna da za a amince ba a ja a cikinsu, da sakin babbar macen da ta kama a ruwa marar zurfi tana da sauran ƙarfinta. Wannan hurumin Sarkin Ruwa ne da dattawan kowane bakin ruwa, su ne ake jin maganarsu a inda jami'in gwamnati ba ya zuwa sai ranar kasuwa. Ba tare da irin wannan yarjejeniya ba, ƙwarewar da muke koyarwa yau za ta iya zama wata dalar.

Kalma biyu a kan rai. Kada a naɗe zare a hannu ko a yatsan ƙafa. Giwan ruwa yana iya kai kilo 100 har ya wuce, wanda bai kai rabin haka ba ma ya isa ya yanke yatsa ko ya kifar da kwalekwale. A ɗaura ɗan yankin robar tayar keke tsakanin zare da jikin jirgi don ta shanye fizgar farko, in kifi ya fi ƙarfinka ka jefa masa jarkar da zaren ke jiki, ka bi ta a hankali har ya gaji. A sa rigar kariya, musamman a Afrilu da Mayu, lokacin da hadarin farkon damina ke tasowa ba sallama.

Saura aikin masana. A New Bussa akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa, wadda ta samo asali daga aikin binciken Tafkin Kainji da aka fara a 1968, ga kwalejin koyon aikin kifi a garin, ga kuma sashen ruwa da kiwon kifi a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke nan Minna. Auna zafi da iskar ruwa daga sama zuwa ƙasa aikin ɗan lokaci ne ga mai na'ura, ɗalibai suna yinsa don rubuta kundin kammala karatu, sakamakon ya ƙare a kan kanta. Abin da masunci ke buƙata daga ciki layi ɗaya ne a mako, daga Fabrairu zuwa Yuni, a karanta shi a rediyo yadda ake karanta farashin hatsi: a Kainji kusa da Malale iska ta yanke a gaba kaza, a Shiroro wajen Zumba a gaba kaza, ruwa ya ja da kamu kaza tun makon jiya. A faɗe shi da Hausa da Nufanci da Gwari, kuma da gaba da kamu, ma'aunin da ke jikin kowane masunci.

Nan za mu dakata. A huta lafiya.